Shirin sallamar Auta: inda aka kwana

Asabar, 5 ga Yuli, 2025

Takardar ƙanena Auta ta fito. EMS ta tura shi da iyalinsa wani ƙauye a kudancin jihar Kano, can wajen iyaka da Bauchi. Ba zan rubuta sunan garin ba. 'Yan gida sun san shi, kuma kowa ya san abin da ya sa ba a tallan inda mai bishara yake kwana a wannan zamani. Dattawan ikilisiyarmu ta nan Sabon Tasha sun tsayar da Lahadi 24 ga Agusta ranar sallama. Ni ce babba a ɗakinmu, ni ce kuma ke da gida a Kaduna, don haka ba a yi wata shawara ba, hidimar ta faɗo kaina. Zan riƙa rubuta inda aka kwana a nan, masu kirana dare da rana su huta, ni ma in huta.

Don dangin da ba 'yan ikilisiyar ECWA ba: EMS ita ce ƙungiyar da ke aika masu bisharar ikilisiyarmu. Tun 1948 take, ta girmi ita kanta ECWA da ta tsaya da ƙafarta a 1954. Wato Turawan mishan na SIM na nan ba su tafi ba, mutanenmu suka fara haɗa kwabo da sisi suna tura nasu 'ya'yan. Har yau haka abin yake. Mai bishara ba ma'aikacin gwamnati ba ne. Wata ikilisiya, ko Zumuntar Mata, ko wani gida ne ke ɗaukar nauyinsa, ya samu ɗan abin da ya samu, sauran ya nema da fartanya.

Auta ya gama karatun tauhidi a Kagoro bara. Matarsa ta yi makarantar kiwon lafiya, ta iya allura da karɓar haihuwa, kuma in za a faɗi gaskiya ita ƙauyen zai fara sani kafin shi. Yaransu biyu, mace 'yar shekara bakwai da namiji da ke goye.

Na tambaye shi don me ba za a bari sai kaka ba, hanya ta bushe, hatsi ya sauko. Ya ce mai bisharar da ke wurin rashin lafiya ta ɗauke shi tun kafin Ista, 'yan gidajen da ke taruwa ran Lahadi wani manomi ne mai ɗan karatu yake riƙe da su. "Yaya, in na jira kaka, cin sabon hatsi na je. Gara su fara ganina da lauje a gonarsu kafin su gan ni da Littafi a hannu." Na ce to.

Abin da ke gabanmu shi ne mashin, domin daga bakin kwalta zuwa garin ba kullum mota ke shiga ba, da sola ko da ta cajin waya da ƙwan lantarki biyu ce, da hatsin da zai kai su girbi. Babba kuma shi ne mutanen da za su riƙa ba da wani abu duk wata ba fashi. Akwai magana biyu da kowa ke kewaye wa, ta Inna da ta yarinyar. Ba a taɓa su ba tukuna.

Laraba, 9 ga Yuli

Maigida da Auta sun je jin farashin mashin, sun dawo ba mai magana. Sabon Boxer ya haura miliyan ɗaya, abin da ke hannu bai kai rabi ba. Maigida ya ce a sayi na hannu, Auta ya yarda, ni na ƙi. Na hannu a Kaduna ba laifi, ga makanike a kowane lungu. Amma a dajin da sai ka tura shi rabin yini kafin ka ga mai faci, arahar nan tsada ce.

Ni kuma na shiga kasuwar Panteka na sayo akwatin ƙarfe biyu, da murhun gawayi, da bokitai. Maƙerin ya tambaya ko amarya za a kai. Na ce kusan haka ne.

Alhamis, 17 ga Yuli

Inna da Goggo sun iso jiya daga ƙauyenmu na wajen Malumfashi. Da Litinin za su taso, sai ga rasuwar Buhari ran Lahadi a Landan. Talata aka yi jana'izarsa a Daura, aka ba da hutu, direban da ya saba kawo su shi ma ya yi can da fasinja. Ta Funtuwa da Zariya suka biyo, suka sauka Kawo da la'asar.

Inna ta zo da rabin buhun dawa, da daddawa, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da man shanu a kwalba, da zabi biyu a kwando. Mazaunin birni ba zai san nauyin rabin buhun nan ba. Yuli ake ciki, rumbu ya kusa ƙasa, gero bai nuna ba. Daga bakinta ta cire shi.

Maganar tafiyar kuwa, ko uffan. Auta ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa, ta tambayi jikin yaron, ta ce shi ya rame. Ya ce, "Inna, kun ji takarda ta fito." Ta ce, "Na ji," ta juya tana kwance wa zabi ƙafa.

Goggo ce ta yi maganar su biyun. "Duk wahalar karatun nan, a ce ƙauye za ka koma? Ƙauyen ma na wasu? Cocin birni sun ƙare ne?" Aka yi dariya, amma Goggo ba wasa take ba, kuma ba ta rasa gaskiya ba. Lokacin da Auta yake koyarwa, shi ke aika wa Inna kuɗin taki da na magani. Daga yanzu wannan ya koma wuyana da na ƙanena na Legas. Ranar sallama za a yi ta yabon sadaukarwar mai tafiya, ba wanda zai tashi ya karanta wannan lissafin. Ba ƙorafi nake ba. Ina so ne a rubuta shi a wani wuri, domin shi ma cikin kuɗin aika mai bishara yake.

Lahadi, 27 ga Yuli

An rufe makarantu, gida ya cika. 'Ya'yan ƙanena na Legas sun iso a motar dare, na ƙanwar maigida sun zo daga Kafanchan, falo ya koma ɗakin kwana, mun sauko da tukunyar biki. Na Legas Hausarsu ba ta nuna ba, Inna kuma ba ta jin komai sai ita, amma har ta zaunar da su ɓarar gyaɗa, kowa na yi wa kowa dariya.

Yau aka yi baiko na musamman. Fasto ya karanta 1 Sama'ila 30, inda Dawuda ya bi sawun Amalekawa da mutum 600, sai 200 suka gaji suka tsaya a rafin Besor wurin kaya. Da aka dawo da ganima wasu suka ce kada a ba waɗanda suka tsaya. Dawuda ya ce rabon mai tsaron kaya daidai yake da na wanda ya shiga yaƙi, ya mai da shi doka. Wa'azi ya yi daɗi, jama'a suka yi ta tashi suna alkawari, wani ya ce dubu hamsin duk wata, aka yi tafi.

Ni dai tafina bai yi ƙarfi ba. Na daɗe a kwamitin mishan, na san alkawarin da aka yi da zafin wa'azi. Watan farko a cika, na biyu a kawo rabi, na uku in mutum ya hango ka a bakin coci sai ya tuna ya bar wani abu a mota. Mai bishara kuwa yana can ba ya iya kira ya ce ba abinci, kada a ce bangaskiyarsa ta yi rauni. Mutane sun ji "rabo daidai", ba su ji "tsaro" ba. Tsaron kaya aiki ne, ba a yin sa da gyangyaɗi.

Bayan sujada na zauna da shugabar Zumuntar Mata muka mai da abin adashi, sai dai kwasa kullum ta mutum ɗaya ce. Kowace mace ta faɗi abin da ba zai gagare ta ba ko a watan biyan kuɗin makaranta, mai dubu ɗaya, mai dubu biyu. Uwar adashin wata mai sayar da gawayi ce da ba a cin bashinta a kwana lafiya. Alkawarin manya in ya zo ya tafi ga mashin da sola. Tuwon kullum yana wuyan mata.

Asabar, 2 ga Agusta

Auta ya ce kafin ya tafi yana so yaran su ga Wusasa, muka cika motar coci muka nufi Zariya. Cocin St. Bartholomew na Angilika ne, ba namu ba, amma duk Bahaushe Kirista yana da rabo a wurin. Ginin ƙasa ne na 1929, aikin maginan Hausa, da bakan gizo a ciki, ga dutsen Kufena a gefe. Auta ya tara su yana ba su labarin Likita Miller, wanda ya zo a 1900 cikin ayarin da Sarkin Kano Alu ya mayar baya, daga baya ya zauna a birnin Zariya, ya yi shekaru kan aikin fassara har Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932. Yaran na ta hamma. Sai da ya ce a nan Yakubu Gowon ya tashi, mahaifinsa ma mai bishara ne, sannan na Legas suka farka, don shi sun karanta a makaranta.

A hanyar dawowa ya ɗauko zancen Girku. Samari uku ne suka sauka Legas a Disambar 1893 da niyyar shigowa ƙasar nan, su ne tushen SIM. Walter Gowans ya mutu a Girku, nan cikin jihar Kaduna, a 1894. Thomas Kent ya mutu a Bida a shekarar. Rowland Bingham kaɗai ya koma gida da rai. Auta na ba da labarin da annashuwa, ya manta Inna na zaune a bayansa. Na taka masa ƙafa. Wannan ba labarin da ake ba uwa ba ne saura mako uku ɗanta ya tafi.

Asabar, 9 ga Agusta

Baffa ya zo yau. Ƙanen mahaifinmu ne, Alhaji, tsohon ɗan kasuwar hatsi a Tudun Wada. Kakanmu bai yi salla ba, bai je coci ba, abin gidansu yake yi. 'Ya'yansa biyu suka rabu hanya. Baba ya bi wani mai bishara da ke zuwa ƙauyenmu a keke yana koyar da karatu, Baffa ya zo Kaduna neman kuɗi ya musulunta. Gona dai ba su raba ba har Baba ya rasu. A gidan Baffa na yi firamare, kuma duk Lahadi shi ke miƙo mini kuɗin baiko. Rikicin Fabrairun 2000 ne ya raba zaman, shi da kansa ya rako ni har gada ya damƙa ni a hannun wani dattijon cocinmu. Daga wannan, da na 2002, garin ya zama biyu, kogi a tsakiya, tsallakowa sai da dalili.

Tun da safe na aika da kajin wurin mahauci ya yanka, na wanke buta, na shimfiɗa sabuwar tabarma a ɗakin yara don azahar.

Bayan an ci abinci ya sa aka kira Auta, ya zauna a ƙasa gabansa. Baffa ya ce, "Kai, ba zan ce maka Allah ya ba da sa'a a aikin da za ka yi ba. Ka san ba hanyata ba ce, in na faɗa na yi ƙarya. Amma ɗan wana ne kai. Allah ya tsare, ya dawo da kai lafiya." Sannan ya shiga karanta masa zaman garin da ba naka ba. Ranar da ka sauka, kafin ka kwance kaya, ka je gaida dagaci, kashegari mai unguwa da liman, kuma kada ka je hannu sake, ko goro ne ka riƙa. Rasuwa ko ta wa ce ka je ka zauna a tabarma, suna ma haka. Kada ka ɗaura lasifika. Kada ka ajiye kare mai shiga gidajen mutane, alade kuwa ko a mafarki. Kada ka ci bashi a garin, kada ka bayar, in kana da shi ka yi kyauta. Rigimar gona tsakanin manomi da makiyayi ba ruwanka, ko ɗan cocinka ne mai gaskiya, ka raka su wurin dagaci. Ɗan mutane kada ya kwana gidanka ba da sanin ubansa ba, a nan ne yawancin fitina ke farawa. Ya dubi matar Auta da ke raɓe a bakin ƙofa ya ce, "Ke kuma, ranar da kika karɓi haihuwar gidan liman lafiya, kin gama masa rabin zama."

Auta ya ce, "Na gode, Baffa, Allah ya ƙara girma." Da dare na gan shi yana rubuta su a bayan littafinsa.

Da Baffa zai tafi ya ciro ƙunshi daga aljihun babbar riga ya miƙo mini, ba Auta ba. "Ki cika a sayi mashin ɗin. Ba coci na ba, ɗana na saya wa abin hawa." Goggo ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Alhamis, 14 ga Agusta

An sayi mashin, sabo. Baikon coci, da na ƙanena na Legas, da ƙunshin Baffa, suka haɗu suka kai da ƙyar. Sola ce ta sha wuya, ta koma ƙaramin faranti ɗaya da batir. An yi takardu. Auta ya yini yana zagaya unguwa da yara ɗaya bayan ɗaya cikin taɓo, wai yana gwada shi.

Lahadi, 17 ga Agusta

An taɓa maganar yarinyar. Akwai firamare a garin da za su, amma malami sai ya ga dama. Ana iya kai ta makarantar kwana, sai dai shekara bakwai ta yi ƙanƙanta. Uwarta na so ta tafi da ita, ta ce ita za ta koya mata a gida. Na tambaye ta yaushe, tsakanin goyo, da ɗiban ruwa, da matan da za su riƙa buga mata ƙofa da tsakar dare? Ta yi shiru. Auta ya sunkuyar da kai, irin na maza in magana ta kai inda ba sa so. Inna ce, wadda wata guda ba ta ce komai kan tafiyar ba, ta yanke: "A bar ta wurin yayarku."

Matar Auta ta shiga ɗaki, na bi ta. Ni 'yar riƙo ce, na san daɗinsa, na san inda yake ciwo. Ko a gidan da ake son ka, akwai daren da zazzaɓi zai kama ka, hannun da ya taɓa goshinka ba wanda kake jira ba ne. Ban ce mata ba komai ba, domin da komai. Na yi mata alkawari uku: duk hutu yarinyar na wurinsu ko hanya ta lalace, duk Lahadi da yamma za a kira ko sai an hau tudu neman sabis, kuma ni Goggonta ce, ba zan bari ta koma kirana Mama ba. Ta ce, "Yaya, na yarda da ke, zuciyata ce ba ta yarda ba tukuna."

Ita kuwa mai gayya, da aka gaya mata, tambayarta ɗaya: za a bar mata zabuwar da ta rage? An bar mata.

Laraba, 20 ga Agusta

Jiya da asuba 'yan bindiga sun faɗa wa masallaci a Unguwar Mantau, cikin ƙaramar hukumar Malumfashi, sun kashe masallata da yawa suna tsakiyar salla. Ba ƙauyenmu ba ne, amma ƙasarmu ce, kuma Goggo ta san gidaje a wajen. Mun yini muna kiran waya. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri.

Wata guda muna fargabar inda Auta zai je, ashe inda Inna za ta koma ne abin fargaba. Baffa ya kira ya ce kada a kuskura a bar ta ta tafi. Ta ce wa zai yanke mata gero? Ƙanena na Legas ya ce zai biya 'yan ƙwadago. Ta ce su ci rabi su kawo rabi. An dai tsaya a kan tana nan har a ga yadda hali ya yi. Goggo ta ce ita ko ana ha maza ha mata ran Talata tana gida, awakinta ba su san wani ba.

Lahadi, 24 ga Agusta

An yi sallama. Coci ya cika har waje, an kafa rumfa, ruwa ya yi mana kara bai sauko ba sai da aka tashi. Zumuntar Mata sun fito da ankonsu, da tulu da kacau-kacau, suka rako su Auta daga bakin ƙofa har gaba. Rabaran ya karanta Ayyukan Manzanni 13, yadda ikilisiyar Antakiya ta keɓe Barnaba da Shawulu, aka yi azumi da addu'a, aka ɗora musu hannu, aka sallame su. Auta da matarsa suka durƙusa, yaron na barci a bayanta, dattawa suka kewaye su. Jawabai sun yi yawa. Akwai wanda aka ba minti biyu ya ba mu tarihin rayuwarsa tun daga haihuwa.

Ana shirin addu'ar rufewa sai Inna ta miƙe. Ba ta cikin tsarin, kuma ban taɓa jin ta yi magana a taro ba. Ta taka a hankali da ƙunshi a tsohon zane, ta kwance. Littafin Baba ne, tsohuwar fassara, wanda baduku ya yi wa bango da jar fata bayan na asali ya yage. A shafin farko Baba ya rubuta ranar haihuwar kowannenmu da hannunsa, ta Auta ce ta ƙarshe, da wani biro daban. Ban san ta zo da shi ba. Aka miƙa mata abin magana, ta ture shi, don haka na gaba kaɗai suka ji. Ta ce, "Wanda ya zo garinmu a keke ya koya wa ubanku karatu, shi ma yana da uwa. Ban taɓa ganinta ba, ban taɓa yi mata godiya ba. Je ka." Ta ba shi, ta koma ta zauna.

Daga nan sai hidimar abinci. Shinkafa ta ƙare kafin 'yan kwaya su samu, aka dafa taliya da gaggawa. Na ɗauki hoton shafin nan da waya kafin Littafin ya shiga akwati, duk mai so ya yi magana in tura masa.

Alhamis, 28 ga Agusta

Sun tafi jiya da sassafe a a-kori-kura, mashin ɗaure a baya tsakanin akwatuna da buhuna, Auta a kansu da rigar ruwa, matarsa da yaron a gaba. Mun bar yarinyar na barci, shawarar uwarta ce. Ta Kawo suka fita, Zariya, Kwanar Dangora, suka karya ta Tudun Wadan Dankadai. Bayan sun bar kwalta suka tarar da rafi ya kawo, direba ya ce nan ya tsaya. Suka zauna a gaɓa har ruwan ya ja, mutanen garin suka zo da amalanken shanu suka kwashe kayan, samari huɗu suka ɗaga mashin a kafaɗa suka haye da shi. Da magariba ya hau tudu ya kira. Ya ce ya je gidan dagaci da goro kafin ya kwance ko tabarma.

Goggo ta isa gida lafiya. Na Kafanchan sun tafi yau, na Legas gobe.

Asabar, 6 ga Satumba

Gida ya koma shiru, an mayar da tukunyar biki sama. Inna ta karɓe kicin ba tare da ta nemi izini ba, kuma ta ce miyata ba daddawa.

Labarin can gauraye yake. Dagaci ya karɓe su hannu biyu, ya ba su aron wata 'yar gona, Auta ya ce zai gwada wake ko da lokaci ya ɗan ja. Jiya da aka yi hutun Maulidi gida biyu sun aiko musu da abinci. Amma a rijiya akwai matan da ke janye gugarsu in matarsa ta zo, kuma wani maƙwabci ya hana yaransa shiga gidan. Ran Lahadi manya tara ne suka zo sujada, yara sun fi su yawa. Matar Auta ta riga ta ɗaure wa wani yaro ƙafa da fartanya ta sare, uban ya kawo ƙwan zabi.

Adashi ya zagayo karon farko, mata sun cika cif, an tura. Mai dubu hamsin ya kawo nasa na wannan wata, na rubuta, muna kallo. Yarinyar ta yi kuka kwana biyun farko, yanzu ta koma bin zabuwa. An auna ta kayan makaranta, saura takalmi.

Sabon abin da ya taso shi ne rufin ɗakinsu. Kwanon ya tsufa, ruwan daren Laraba ya jiƙa katifa da rabin buhun masara, sun shanya ta amma Satumba ba ta gama zuba ba. Bandir biyu ake nema da ƙusa da 'yan katako. Ba na so in taɓa kuɗin adashi, na ci ne. Wanda ya san mai kwano na hannu mai kyau a Panteka, ko mai niyyar sayen ko da falle biyar ne, ya kira ni kafin Talata, domin ran Alhamis kasuwarsu ke ci, kuma ranar kaɗai mota ke kaiwa bakin rafin.